Abin da Inna Ran Ba Ta Dafa wa Baƙo

"Na ce ba zan dafa ba! Ko kin kurmance ne?"

Katangar da ke tsakanin kicin ɗina da na Inna Ran ba ta da kauri. Da aka datse kogi aka kwaso mu daga kwari aka zuba a waɗannan benaye, ina jin magina sun ɗauka tunda ƙauye ɗaya muka fito, ba mu da abin ɓoye wa juna. Ina cikin wanke shinkafa na ji muryarta, sai na kashe famfo.

"Mama, su fa suka roƙa," in ji Auta, 'yarta, wadda muka yi makaranta tare, wadda Shen Yi ke nema da aure. "Mahaifiyar Shen Yi da bakinta ta ce in ta zo heja take son ci. A waya ta gani."

"To ta ci a wayar."

"Haba Mama!"

"Mutane su taso tun daga bakin teku su zo ganin gidan da za su ɗauki 'ya, ni kuma in ɗauko ruwan wake da dusa in dire musu? Duk karatun naki nan hankalinki ya tsaya?"

"Abincinmu ne, Mama. Abincin ƙabilarmu ta Tujia. Layi ake bi a bakin tafki kafin a samu."

"Abincin yunwa ne. Kin taɓa jin yunwa ke? Kin saka riga mai jan baki kin ɗauki hoto, shi ke nan kin zama Tujia. Ni da na yi Tujian babu takalmi a ƙafata, ni nake ce miki ba zan dafa ba."

Sai na ji muryar mijinta, Baba Peng, can ƙasa-ƙasa. "Ni dai da za a dafa ɗin..."

"Kai kuma tsoho wa ya sa da kai? Ci, ci, ci! Tun ranar da na fara ganinka kake ci."

Can na ji an buɗe ƙofa an rufe a hankali, takun Baba Peng ya bi matattakala ya sauka, ya nufi tafki wajen jirginsa.

Heja ba wani abin kirki ba ce. Waken soya ake jiƙawa a niƙa a dutse, kamar za a yi awara, sai dai ba a tacewa. Da ruwan da dusar duka ake ɗorawa a wuta, a yanka ganyen kabewa siriri a zuba, a sa gishiri. Tsofaffi suna kiranta awarar ragwaye. Amma ba lalaci ya sa ake barin dusar ba. Wanda waken gidansa bai fi tafin hannu ba, ba ya da dusar zubarwa.

Kowa a benenmu ya san dalilin da ya sa Inna Ran ba ta dafa ta, kuma ba mai faɗa. Ni kakata ce ta ba ni labarin.

Sunanta Ran Dongju. Tana budurwa, gidansu na kan tudu, gidan katako mai dogayen ƙafafu, mutane a sama dabbobi a ƙasa. A lokacin akwai wani saurayi ɗan gidan Tian, masu kanti a mashayar jirgi, mai agogo a hannu. Ba wanda ya tura ta. Ita ta gan shi ta so, ta dinga ƙirƙiro sayen gishiri har mai dalilin aure ta gane ta shiga tsakani. Aka sa ranar duba gida.

A duwatsunmu haka ake yi. Dangin saurayi su zo, su leƙa rumbu, su ɗaga kai su dubi kyafaffen naman da ke rataye a kan murhu, sannan a kawo abinci. In sun ci, magana ta zauna. In suka ce sun ci a hanya, to an gama, ba sai an ƙara wata kalma ba.

A shekarar, aladen gidan Ran ya mutu da ciwo tun kafin sanyi. A kan murhunsu ƙugiyoyi ne kawai ke lilo. Mahaifiyar Dongju ta niƙa ɗan waken da ya rage, ta zaɓo ganye mafi taushi, ta fasa ƙwai biyu a ciki, abin da ba ta taɓa yi ba. Uwar Tian ta ɗauki tsinken cin abinci, ta juya abin da ke kwanon sau ɗaya, ta ajiye.

"Mun ci a hanya," ta ce. Sannan ta yi murmushi ta dubi uwar gida. "Ashe gara da aladen ya mutu. In ba haka ba, me zai ci, tunda kun ɗauke nasa?"

Suka tashi. Saurayin mai agogo ya bi uwarsa, bai ko waiwayo ba. Mutum ɗaya ya rage a zaune, wani maraya da suka ɗauko haya ya goyo musu kwandon kyaututtuka. Tun asuba yake hawan dutse da kaya a baya, ba wanda ya ba shi komai. Ya dubi tukunya ya dubi uwar gida, ya ce in ba za a ci ba shi zai ci. Ya cinye kwano uku, Dongju na leƙensa ta tsagar katako, kunya kamar ta nutse. Ya goge baki, ya goya kwandon ya mayar musu. Bayan kasuwa ɗaya sai ga shi ya dawo, ba kwando. Shi ne Baba Peng.

Ta aure shi. Ta yi shekaru a kudu tana ɗinkin takalma a masana'anta, shi yana nan yana fito da mutane a kogi. Ta dawo da kuɗin da ya kai Auta jami'a. Da ruwa ya haɗiye ƙauyen, ba ta yi kuka ba kamar sauran mata. Ita ta fara sayen firji a benenmu, babba, har sai da aka cire ƙyaure kafin ya shiga. A talabijin ta koyi girkin mutanen birni. Abu ɗaya Baba Peng ya dage sai an taho da shi daga tsohon gida, ƙaramin dutsen niƙan surukarsa. Shi ya goyo shi har hawa na huɗu. Inna Ran ta ajiye shi a baranda ta ɗora tukunyar fure a kai.

Mutane suna cewa ta tsani heja. Ni da nake bayan katangarta na san ba haka ba ne. Wani lokaci da hantsi, in Baba Peng ya fita da 'yan yawon buɗe ido, nakan ji an rufe tagogi, sai gurnanin dutse ya biyo baya, a hankali kamar ana sata. Ita kaɗai take ci. Kafin ya dawo ta wanke komai ta mayar da furenta. Mutumin da ya fi kowa son abin nan a duniya, sai dai ya saya a bakin tafki ya ci a tsugune. Na daɗe ina tunanin dalili. Ina ganin gidan Tian ba su ne suka fi tsaya mata a rai ba, don su sun tafi. Shi ne ya zauna. Shi ya ga ƙugiyoyin nan, ya ji maganar aladen, kuma kullum ta farka yana gefenta.

Ranar da baƙin suka iso, aka kira ni in taya su cin abinci, kamar yadda ake kiran maƙwabci don tebur ya cika. Shen Yi yaro ne mai tabarau, marar hayaniya. Mahaifinsa ya rasu, don haka mahaifiyarsa ce kawai ta zo, Malama Lou, siririyar mata da ta yi ritaya daga koyar da kiɗa. Tana shigowa ta kama hannun Inna Ran da hannu biyu.

"Suruka! Garinku kamar zane. Tun daga mota nake ɗaukar hoto."

"Ƙauye ne kawai," in ji Inna Ran. Ta rina gashinta baƙi ƙirin, ta sa sarƙa.

Tebur ba wurin ajiye kofi. Ba ganye ɗaya na dutse a kai, ba dankali, ba tsakin masara. Jatan lande ne da kaguwa da wani dogon kifin teku, duk daga ƙanƙara, an yi musu kwanaki a mota kafin su iso duwatsunmu. Ta ajiye su a gaban matar da aka haifa a Ningbo, inda ake sayen kaguwa tana motsi. Na ga Auta ta runtse ido.

Malama Lou ta ɗauki jatan lande ɗaya, ta ɓare shi da ladabi, ta ci rabi.

"Ki ƙara mana, suruka," in ji Inna Ran, tana tura mata faranti. "Ba wani abin kirki, ki yi haƙuri."

"Kai, kin wahalar da kanki da yawa! Ki yafe ni, cikina ƙarami ne. Kuma mun ci a hanya."

Gaskiya ta faɗa. Sun tsaya a wata kwana inda mata ke soya ƙananan dankali da barkono, ta cinye kofi biyu, har tana nuna mana hoton. Amma Inna Ran ba ta ga hoton ba. Hannunta ya tsaya a kan farantin. Na ga wuyanta ya yi ja, jan ya hau har kunne.

Baba Peng ya dube ta, sai ya jawo kaguwar gabansa ya hau ci. Ya ci kifin, ya ci jatan landen, yana gumi yana cewa kai, yau an yi girki. Yana ganin taimakonta yake yi. Kallon da ta yi masa, da ni ce da na ajiye tsinken.

Da yamma katanga ta kawo mini sauran.

"Mama, a wurinsu ba ta nufin komai! Magana ce kawai. Har ranar biki suka fara tambayata."

"Na ji da kunnena."

"Zamani ya wuce wannan!"

"Zamani ya wuce, ni ban wuce ba. Ba ta ci abincina ba, Auta. Matar da ba ta ci a gidanku ba, ranar da kika ɓata mata rai za ta tuna miki daga inda aka ɗauko ki."

Washegari aka fita da baƙi kallon gari, da ni a ciki. Muka bi titin 'yan saƙa, Malama Lou ta sayi mayafi mai zanen damisa, ta yafa nan take. Muka shiga jirgin Baba Peng. Ruwan ya yi kore shar, duwatsu sun tsaya a ciki da kawunansu a ƙasa. A tsakiyar tafki ya rage gudu ya nuna da haɓa.

"Nan ƙasa kasuwarmu take. Can kuma, inda tsuntsun nan ya sauka, gidan su uwar Auta."

Malama Lou ta ɗauki hoton ruwan. Inna Ran ta juya baya tana gyara jakarta.

"Yanzu sai heja!" in ji Malama Lou da muka sauka. "Na riga na nemo wurin. Kowa a waya shi yake yabo."

Ba wanda ya iya cewa a'a. Auta ba ta san labarin duka ba, an ɓoye mata. Ni na sani, na yi shiru. Muka bi ta har Gidan Kaka Tian.

Sabon gidan katako ne mai hawa uku, da jajayen fitilu. 'Yan mata sanye da kayan gargajiya suna waƙar tarbar baƙi a ƙofa. Ga wani ƙaton dutsen niƙa da ba komai a cikinsa, mutane na bin layi su juya a ɗauke su hoto. A saman ƙofar, hoton wata tsohuwa ne mai fara'a riƙe da ludayi. Inna Ran ta ɗaga kai ta dube ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuya ta shiga ta ƙarƙashinta.

Aka kawo heja a ƙaramar tukunyar ƙasa tana tafasa a kan wuta, an yi mata ado da niƙaƙƙen nama da albasa. Malama Lou ta zuba a kan tsakin masara ta kai baki, ta lumshe ido. Mai ƙaramin cikin nan ta ci ta ƙara. Shen Yi ya ƙara. Ni ma na ci, kuma abin ya yi mini daɗi, ina ci ina jin kamar da hannun Inna Ran nake ɗiba. Ita kuwa ko tsinkenta ba ta ɗauka ba.

Sai mai gidan ya fito zagayen tebura, wani mai tumbi da sanƙo. Agogon dai yana nan, sai dai yanzu na zinariya ne. Yana da jawabin da yake yi wa kowane tebur.

"Wannan girkin mahaifiyata ne, ga ta can a hoto. A zamanin wahala, ba baƙon da ya taɓa shiga gidanmu ya fita bai sha hejarta ba. Takan ce abincin talaka shi ne..." Ya tsaya. Ya ƙura ido. "Af! Dongju? Dongju ta gidan Ran na kan tudu? Kai, shekaru! Kin ga yadda muka tsufa? Yara, ku ƙaro tukunya a nan, kyauta! 'Yar ƙauyenmu ce."

Na zuba masa ido sosai, ina neman ko ɗigon kunya a fuskarsa, ko ma mugunta. Babu ko ɗaya. Murna yake da gaske. Ya tuna sunanta, ya tuna tudun, amma ranar ta ɓace masa sam. Abin da ta goya fiye da rabin rayuwarta, shi a hanyar komawa gida ya yar da shi.

Ya wuce tebur na gaba. Malama Lou ta juyo.

"Suruka, ke ma kin iya wannan?"

"Ban iya ba."

"Ta iya mana!" in ji Baba Peng. Ya ɗan sha giyar masara, fuskarsa na sheƙi. "Uwarta ce gwanar duk kwarin nan. Ai ni heja ce ta yi mini aure."

"Tsoho," in ji Inna Ran.

"Bari in ba su, uwar Auta, ai abin dariya ne yanzu. Ni fa ɗan dako ne. Wannan mai tumbin da ya wuce, shi aka kai duba gidansu, ni na goyo kwando. Aka kawo heja har da ƙwai, tsohuwar can ta hoto ta ce sun ci a hanya. Ni kuwa cikina kamar ganga! Na ce ku tafi, ni ban ci ba. Ina ci ina ganin ido ɗaya ta tsagar katako yana kallona. Na ce a raina, mai wannan idon, ko ba nama a gidansu..."

Ya yi dariya har da hawaye. Ranar da ta fi kowace daɗi a rayuwarsa yake ba da labari. A lokacin na gane bai taɓa sanin cewa ba rana ɗaya suke tunawa ba.

Auta ta saki tsinkenta. Malama Lou ta dafe ƙirji. "Wayyo, abin sha'awa! Ku matso kusa, suruka, in ɗauke ku tare." Ta ɗaga waya, sai kuma hannunta ya sauko a hankali. Ina jin a lokacin ne kalmomin suka isa kunnenta, ta tuna abin da ita ma ta faɗa jiya a kan kaguwa.

Inna Ran ta miƙe, ta gyara sarƙarta. "Zan je bayi," ta ce. Ba ta dawo ba. Daga tagar sama na hango ta tana hawan titin gida a ƙafa, jakarta a ƙirji.

Yinin nan katanga ba ta kawo mini komai ba. Ba faɗa, ba ƙarar tukunya, ko talabijin ba a kunna ba.

Baƙin za su kama motar tsakar rana washegari. Gari na wayewa na ji an ja tukunyar fure a baranda. Sai gurnanin dutse. Wannan karon ba a rufe tagogi ba, kuma ba hannu ɗaya ke juyawa ba, don ina jin muryarta tana cewa, "A hankali mana! Niƙa ake, ba tuƙin jirgi ba." Ƙamshin ɗanyen wake ya shigo har ɗakina.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Inna Ran ce, ba sarƙa, farin gashi ya fara leƙowa a gindin rinin. Ta rungumo tukunyar ƙasa a naɗe da tawul. Ƙofarsu a buɗe take a bayanta, na hango Baba Peng zaune shi kaɗai a tebur da kwano a gabansa, yana ci a hankali kamar mai tsoron kada ya ƙare.

"'Yar Bai, kina da aiki?"

"Babu, Inna."

"Auta tana can masaukinsu. Ki kai musu wannan kafin ya huce. Kada ki karkata shi, akwai ƙwai a ciki."

Na karɓa. Zafin ya ratsa tawul ɗin. "Inna, ki zo mu je tare mana. Malama Lou za ta so..."

"Ƙafata na ciwo."

"To in ce daga wa?"

Ta dubi tukunyar. Na ɗauka za ta ce in ce a kasuwa na saya, har na ga bakinta ya ɗauko maganar. Sai ta haɗiye.

"Ki ce daga gidan Peng." Ta waiwaya ta ɗaga murya. "Kwano ɗaya na ce, tsoho! Ina ganinka."

Na fara sauka. Ban kai kwanar matattakala ba ta kira ni. Tana tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan ƙyaure.

"Ki wanke tukunyar a can kafin ki dawo mini da ita," ta ce. "Ba na son in san ko sun ci."